Minti Bakwai a Agogon Makaranta

Shekara ashirin da biyu ina gyaran agogo, amma duk layinmu babu wanda ya kai ni makara. Na sani, ba sai an faɗa mini ba, matata ta riga kowa, kuma kullum safiya sai ta maimaita. Ni dai ban ɗauke shi makara ba, lissafi nake yi. Daga ƙofar gidanmu zuwa ƙofar makarantar su 'yata minti goma sha ɗaya ne a kan babur, na auna ya fi sau ɗari. Ana rufe ƙofar makaranta ƙarfe bakwai da rabi. To don me zan fita kafin bakwai da minti goma sha tara? In je in yi me, in taya mai gadi shara?

'Yar tawa Cinnaka muke ce mata, don 'yar mitsitsiya ce, amma in ta cije ka da magana sai ka wuni kana sosawa. Shekararta bakwai, tana aji biyu. Ku ji fa, aji biyu! Jakarta kuwa littafi tara ne a ciki, in ta goya ta sai ka ga jaka tana tafiya da ƙafafu. Ran Litinin a duba farce. Ran Talata a yi shifta. Kullum fensir biyu a feƙe, gorar ruwa a cike, farar safa har gwiwa. Ga littafin aikin gida da sai uba ko uwa sun sa hannu, wai shaidar cewa yaro ya yi karatu a gabansu. Ni nake sa hannun, galibi a kan tankin babur, inji yana ƙugi. Kafin shekara ta ƙare kuma ana so kowane ɗan aji biyu ya karanta shafi guda ba tare da bin layi da yatsa ba, ya haddace lissafin sau har gidan biyar, ya kuma iya faɗin lokaci in an nuna masa agogo. Wannan na ƙarshen ne kaɗai na yaba musu.

Duk wannan bai dami Cinnaka ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ƙararrawa.

Ƙararrawar hannu ce ta tagulla mai mariƙin katako, da ita ake shiga aji, da ita ake tashi. Dokar makarantar ita ce duk ɗan aji ɗaya ko aji biyu da ya zo a kan lokaci, malamarsu za ta manna masa tauraro a jikin wani babban kwali da ke bangon aji. Wanda ya jera taurari ashirin ba fashi, shi zai riƙe ƙararrawa mako guda cur, ya tsaya a kan matakalar ofis gaban kowa ya kaɗa. In ka makara sau ɗaya, ko kana kan na goma sha tara ne, a ɓamɓare duka ka koma farko. Ni na ce wannan ai mugunta ce. Cinnaka ta ce ba mugunta ba ce, doka ce.

Sau uku ana ɓamɓare mata taurari, kuma duk ukun, to, bari dai in faɗi gaskiya, da hannuna a ciki. Na farko wani ne ya tare ni a ƙofar gida da agogon hannun mahaifinsa, na ce bari in ɗan kara shi a kunne, kafin in farga na buɗe bayansa. Na biyu safa ɗaya ce ta ɓata, aka birkita gida kaf, ashe ni na ɗauke ta na goge gilashin wani agogon bango da ita, don laushinta ya yi mini. Na ukun ne ban yarda laifina ba ne, har gobe.

Ran nan mun fita da wuri, don Maman Cinnaka ta tsaya a kanmu. Na taka birki a ƙofar makaranta agogona yana cewa bakwai da minti ashirin da shida. Ƙofa a rufe! Yara har sun yi layi suna rera waƙar safe. Na ƙwanƙwasa, mai gadi ya leƙo ta 'yar taga, wani dattijo ne dogo mai magana ba gaggawa.

“Baba mai gadi, saura minti huɗu fa,” na ce, ina nuna masa hannuna.

“An kaɗa, Mai agogo.”

“An kaɗa a kan kuskure. Duba nan.”

“Ni na ofis nake bi.”

Na ɗaga kai ta saman ƙofa na hango agogon nasu a barandar ofis, wani tsohon agogon bango irin wanda ake yi wa wani da makulli, fuskarsa ta yi ruwan ƙasa. Bakwai da minti talatin da uku yake nunawa. Minti bakwai yake gaba! Ni kuwa kowace safiya da ƙarar sanar da lokaci ta rediyo nake daidaita nawa, ko sakan ɗaya ba ya kuskurewa. Raina ya ɓaci. Na ce a kira mini shugabar makaranta yanzun nan. Cinnaka ta ja rigata ta ce, “Baba, don Allah ka tafi, kowa yana kallonmu.” Taurari goma sha huɗu aka ɓamɓare mata ranar.

Da yamma na shiga gida da shirin rubuta takardar ƙorafi. Maman Cinnaka tana gugar kayan makaranta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Ai kowa ya san agogonsu yana gaba,” in ji ta. “Ni ma na faɗa maka tun tana aji ɗaya, ka ce agogo agogo ne.”

“To ai agogo agogo ne!”

“Baban Cinnaka, in ka taka ofishin nan da maganar minti bakwai, wallahi ni da kai ne. Ka dubi 'yarka.”

Na dube ta. Tana zaune a kan tabarma da kalandar makaranta, tana ƙirga kwanaki da fensir. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce kwana ashirin da biyar suka rage a rufe makaranta: ashirin na taurari, biyar na ƙararrawa. In aka sake fashi ko ɗaya shi ke nan, don baɗi tana aji uku, 'yan aji uku kuwa ba sa cikin lissafi. Sai ta ɗago ta ce, “Baba, ka yi alkawari.” Na yi. Takardar ƙorafin ma ban rubuta ba.

Kwana goma sha shida muka jera. Kullum in fita bakwai da minti goma ina gunaguni, in sauke ta, in harari agogon barandar nan, in wuce shago. Kun san yadda tela yake ji in ya ga mutum da wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo? Haka nake ji. Agogo ne lafiyayye, tsohon ƙira, irin wanda ba a yi yanzu, an bar shi yana zuba ƙarya gaban yara ɗari biyu, yaran da kuma ake koya wa faɗin lokaci.

Rana ta goma sha bakwai, Talata ce, wajen ƙarfe goma, ina zaune a shago da gilashi a ido, sai ga mai gadi da agogon a rungume cikin tsumma kamar jariri.

“Ya tsaya, Mai agogo. Malama Babba ta ce a kawo maka ka gyara.”

Kai, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na karɓe shi da hannu biyu. Da na buɗe bayansa, gizo-gizo ne ya yi gida a ciki har da iyali, man da aka sa masa tun zamanin da ya daskare ya zama ƙanzo. Na kwance shi ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na sa sabon mai, na yi masa wani da makullinsa. Ya kama tafiya tsaf, sautinsa mai daɗi. Sai na zo kan hannuwa. An ce in gyara, ko ba haka aka ce ba? Ba wanda ya ce in gyara rabi in bar rabi. Na dubi agogon hannuna, na mayar da dogon hannun baya minti bakwai. Ba zan ɓoye muku ba, har da tunanin cewa gobe zan sha shayina a zaune. Bayan an tashi makaranta na kai shi da kaina, na hau kujera na rataye shi, na gyara masa zama. Ban ce wa kowa komai ba.

Ran Laraba na sha shayina a zaune. Cinnaka tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a baya tana tsalle-tsalle, “Baba za mu makara! Baba!” Na ce ta kwantar da hankalinta, yau gaskiya ta yi halinta. Muka isa bakwai da minti ashirin da bakwai, ƙofa a wangale, iyaye sun yi cirko-cirko suna mamakin yadda yau lokaci ya ƙi tafiya. Tauraro na goma sha takwas ya hau kwali. Na koma shago ina fito.

Ƙarfe ɗaya ake tashi. Da ma ban cika zuwa ɗaukarta da wuri ba, nakan iske su sun tsallaka titi suna jira a inuwar rumfar da ke ɗaya gefen, inda iyaye ke tsayawa. Ran nan tun daga kwana na ga abin da ban taɓa gani ba. Akwai wani kamfanin sabulu a ƙarshen titin, ƙarfe ɗaya daidai ma'aikatan safe ke tashi na rana su shiga. Babura, kekuna, motocin ma'aikata, masu tafiya a ƙasa, duk sun ɓarko lokaci guda, titi ya cika maƙil ba masaka tsinke. A bakin ƙofar makaranta kuwa ga yara ɗari biyu sun taru a rana, malamai sun riƙe hannun juna sun yi musu shinge, mai gadi yana tsakiyar titi yana ɗaga jan ƙyalle ba mai kallonsa. A wancan gefen iyaye mata suna ta ƙwala wa 'ya'yansu kira, “Kar ka motsa! Tsaya nan!” 'Yan aji ɗaya suka fara kuka, ɗaya ya fara sauran suka amsa. Wani yaro ya saki gorar ruwansa ta gangara titi, mota ta bi ta kai, ya ƙara ƙarfin kukansa har da birgima. Sai da aka yi kusan minti arba'in kafin yaro na ƙarshe ya tsallaka.

Allah ya kiyaye ba wanda ko ƙwarzane ya yi. Amma ni tun ina kan babur na sha jinin jikina.

Malama Babba, wato shugabar makarantar, ranar ta tafi taro tun safe, sai a tsakiyar hargitsin ta dawo. Gajeriya ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro. Na ga ta tsaya a baranda, ta dubi agogon bango, ta dubi na hannunta, ta sake duban na bango. Sannan ta juyo ta yafuto ni da yatsa ɗaya, kamar yadda take kiran 'yan aji ɗaya.

“Malam mai agogo, sannu da aiki. Agogo yana tafiya da kyau.”

“Ranki ya daɗe, ai aikina ne.”

“Ka taɓa hannunsa?”

“Daidaita shi na yi. Minti bakwai yake gaba.”

“Na sani. Ni na kai shi.”

Ta sa aka kawo mini kujera, irin 'yar ƙaramar nan ta yara, na zauna gwiwoyina a haɓa. Ta ce shekara tara ke nan da aka buɗe kamfanin can. Takardar da aka ba ta daga sama ta ce a tashi ƙarfe ɗaya, ba ɗaya saura ba. Ta rubuta wasiƙa uku tana neman a canza, har yau tana jiran amsar ta farko. Sai ta tsaya da kanta ta auna: tsallakar da yara ɗari biyu, aji-aji, biyu-biyu riƙe da hannu, minti shida yake ci da 'yan kai. Ta ƙara ɗaya saboda masu faɗuwar takalmi. Ta hau kujera ta tura dogon hannu gaba. Tun daga ranar ana tashi ƙarfe ɗaya daidai kamar yadda takarda ta ce, kuma yaro na ƙarshe yana taka wancan gefen kafin jiniyar kamfani ta yi kuka.

“To ai sai ki bar agogo a kan gaskiya, ki ce a kaɗa ɗaya saura minti bakwai,” na ce, don ban iya yin shiru ba.

“Wa ke kaɗawa?”

“Yara.”

“Ɗan shekara shida ya san dogon hannu a kan goma sha biyu. Je ka koya masa saura minti bakwai ka dawo ka ba ni labari.”

Na ce to bari mai gadi ya hau ya mayar. Ta ce a'a, wanda ya mayar da shi baya shi zai kai shi gaba, kuma ba ta son hannun da bai san agogo ba ya taɓa shi. Ita fa yabona take yi, amma ji na yi kamar ta mare ni. Na hau kujera. Shekara ashirin da biyu ban taɓa sa agogo ƙarya da gangan ba. Na buɗe gilashin, na sa yatsa, na tura. Cinnaka tana ƙasa tana riƙe mini kujera, tana ƙirgawa da ƙarfi, “Ɗaya, biyu, uku,” har bakwai, don kada in rage ko ɗaya.

Ran Alhamis saura ƙiris in kashe mu. Jin daɗin kwana ɗaya ya ɓata ni, jikina ya koma tsohon lissafi, ina ɗaure takalmi na tuna an mayar da minti bakwai. Yadda na tuƙa babur ɗin nan ba zan faɗa ba, kada Maman Cinnaka ta ji. Yarinyar da ke riƙe da ƙararrawa a makon ta ɗaga hannu ke nan Cinnaka ta faɗa ƙofa da gudu, jaka na dukan bayanta. Goma sha tara.

Da yamma aka yi zama a kaina. Cinnaka ta miƙo hannu ta ce in ba ta agogon hannuna.

“Ki yi me da shi?”

“Shi ke sa mu makara. Ka yarda da shi da yawa.”

Na dubi uwarta ko za ta tsawatar, sai na ga ita ma ta naɗe rediyona a zani ta tura ƙarƙashin gado. Wayata da ma a shago take kwana, can nake cajinta. Aka bar ni da agogon bangon falo kaɗai. Na tuɓe na hannun na ba ta, hannuna ya yi wani fayau kamar na fito ba riga.

To ni ma ai ina da zuciya. Da na ga Maman Cinnaka ta shiga kicin, Cinnaka kuma tana wanka, na lallaɓa na buɗe agogon falo na tura shi gaba minti bakwai, ya zama daidai da na makaranta. Karo na biyu cikin kwana biyu! Na ce a raina wannan yarinya ta gama da sana'ata.

Ran Juma'a da agogon falo ya nuna bakwai da minti goma muka fita. Tun a hanya na ji abin bai yi mini ba. Rana ba ta kai inda ta saba ba. Shagunan layi duk a kulle, mai sayar da jarida yanzu yake kwance ɗaurinsa, titi fayau sai mu kaɗai. Muka isa ƙofar makaranta da kwaɗo a jiki. Na buga, na buga, can sai ga mai gadi da buroshi a baki, tawul a wuya.

“Lafiya, Mai agogo? Wani abu ya faru a gida?”

“Ƙarfe nawa a naku?”

Ya waiga baranda, ya kanne ido. “Bakwai saura minti huɗu.”

Na yi lissafi a tsaye. Minti ashirin da biyar ne suka shigo agogon falona waɗanda ba ni na zuba su ba. Na juya na dubi Cinnaka. Ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar gora.

“Kwata kawai na ƙara,” in ji ta. “Na taka kujera lokacin da ka fita rufe babur. Dogon hannu yana kan goma sha biyu, na kai shi kan uku.”

“Kwata goma sha biyar ne. Saura goma fa?”

Muka dubi juna, muka haɗa baki, “Mama.”

Mai gadi ya yi dariya har kumfa ta zubo masa a riga. Ya ce ba ya buɗewa sai bakwai da kwata, doka ce, amma ya miƙo mana benci ta saman ƙofa. Muka zauna a bakin titi ni da 'yata, ba abin yi. Sai ta zaro littafin aikin gida ta ce ban sa hannu ba jiya. Na lalubo biro. Ta janye littafin.

“Sai na karanta tukuna. Haka Malama ta ce ake yi.”

Ta buɗe littafin karatu, ta zauna a kan hannayenta don kada yatsa ya bi layi, ta fara. Labarin wata akuya ce da ta shiga motar haya. Tana karantawa tana canza murya, ta direba daban, ta akuya daban. Ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya, ta koma baya da kanta ta gyara. Ni fa ban san ta iya haka ba. Shekara guda ina sa hannu cewa ta yi karatu a gabana, ashe ban taɓa jin muryarta a kan littafi ba. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya cika ni, na rasa wanda zan fara ji. Na ce ta ƙara shafi ɗaya. Ta ƙara uku.

Ita ce ta fara taka harabar makaranta ranar, kafin malamarsu ma. Da aka manna na ashirin ta ce a bar ta ta danna shi da babban yatsa don ya kama sosai.

Ran Litinin ban wuce shago ba. Na jingine babur na tsaya a bakin ƙofa, agogona ya dawo hannuna. Maman Cinnaka ta goge mata kaya har suna ƙyalli, ta yanke mata farce tun ba a duba ba. Ga ta can a kan matakalar ofis, ƙararrawa a hannu biyu don ta yi mata nauyi, idonta a kan agogon bango, fuska a ɗaure kamar alƙali. Malama Babba tana tsaye a bayanta da rajista. Yara suna ta shiga layi. Dogon hannu yana matsowa kan shida, ni ma na ƙura masa ido kamar ni zan kaɗa.

Ya hau kan shida. Cinnaka ta ɗaga ƙararrawa.

Sai ga wani mutum daga wancan gefen titi a guje, ya yar da kekensa a bakin kwata sarƙa a tsinke, ya saɓa wani ɗan aji ɗaya a kafaɗa, jakar yaron tana lilo a wuyansa. Da sauran tafiya a gabansa, ga motoci suna wucewa sai ya jira. Yaron ya ɗago kai yana kallon ƙofa, bakinsa har ya fara karkacewa.

Cinnaka ta gan su. Hannunta yana sama, sai na ga ta zura yatsa ta riƙe harshen ƙararrawar. Ta tsaya a haka. Mai gadi ya ja ƙofa rabi ya dakata, yana jiran sauti. Malama Babba ta dubi agogo, ta dubi Cinnaka, sannan ta buɗe rajista ta shiga duba wani abu mai muhimmanci ƙwarai a shafin ƙarshe. Harabar ta yi tsit. Mutumin ya kutsa tsakanin motoci, ya dire yaron a bakin ƙofa, yaron ya faɗa ciki da gudu. Sannan Cinnaka ta saki, ta kaɗa da duk ƙarfinta har tana tangaɗi. Kai, ƙarar nan har shagona na tabbata an ji.

Da rana na ɗauko ta, ta hau bayana tana ba ni labarin yadda hannunta ya yi ciwo da yadda kowa ya kalle ta. Na bari sai da muka bar babban titi.

“Kin makara fa da safe,” na ce. “Sakan hamsin. Na ƙirga.”

“Na sani.”

“To ina dokar?”

Ta gyara riƙon rigata.

“Ai ba laifinsa ba ne, Baba. Shi ya shirya tun da wuri. Jiran babansa ya tsaya yi.”

“Ke ya aka yi kika sani? Kin san gidansu ne?”

“A'a. Ai mu yara kullum mun shirya.”

Na rage gudu, don hanyar ta ɗan yi mini dishi-dishi, a haka muka lallaɓa har gida.